Gawon da Aka Sa Na Sare a Fadamar Babanmu

Shekara goma sha biyu ke nan, a cikin markar nan da muke ciki, da rasuwar mahaifinmu Malam Jatau, wanda mutanen ƙauyenmu a ƙasar Makarfi ke kira Jatau na Fadama. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ni ba gwanin kewaye-kewaye ba ne, saboda haka bari in fara da abin da ke cin raina. A shekarar da zai rasu, ƙanena Sule, uwa ɗaya uba ɗaya, ya katse wa tsohon magana a gaban Bature da gaban jama'a, ya sa aka sare gawon da ke bakin fadamarmu, alhali ya san itacen bai yi wa shinkafa laifin komai ba. Kuma ni aka miƙa wa gatarin. Shi ya koma Zariya da yabo, ni aka bar ni da kututture.

Sunana Garba. Aji biyu na yi a elementare. Mai duba takardu a gidan jarida ya gyara mini baƙaƙen da na karkatar, na yarda, amma kada ya sassauta mini magana. An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ni kuwa har sunan na kama.

Fadamarmu ba wata babba ba ce. Tana kwance a gefen wani rafi, ba nisa da Nasarawan Doya. Manyan itatuwa biyu ne a cikinta, tun kafin a haifi Baba suna nan: ɗorawa daga gabas, gawo daga arewa, inda ƙasa ta fara hawa tudu. Tsakaninsu da bakin ruwa nan muke zuba shinkafa. A gindin gawon nan aka yaye ni, a gindinsa Sule ya koyi rarrafe, a gindinsa Inna kan ajiye mana ƙwaryar fura. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce mini daga baya wai yaron bai sani ba.

Wanda bai san gawo ba bari in gaya masa, don na lura yanzu akwai masu karanta jarida da ba za su iya raba gawo da bagaruwa ba. Yawancin itatuwan Allah da damina suke yin ganye, da rani su kaɗe. Gawo ya juya wa wannan baya. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, shi zai yi lif-lif da ganye, ya riƙa zubo 'ya'ya. Da ruwan farko ya sauka, sai ya zubar da ganyen nan kaf, ya tsaya tsirara kamar busasshen itace har kaka. Ganyen da ya zubar kuwa a gona yake ruɓewa. Baba yakan ce, "Gawo maƙwabcin kirki ne. In ka zo aiki ya tuɓe rigarsa ya ba ka rana, in ka gama ya shimfiɗa maka inuwa." Ɗorawa kuwa cewa yake baƙuwa ce mai tsaraba, amma ba ta san lokacin tashi ba.

Ba wai Baba yana ganin inuwa ba ta cutar da shinkafa ba ne. Ya fi kowa sanin tana cutarwa. Shinkafa 'yar ruwa ce a ƙafa, amma 'yar rana ce a ka. Wadda ta tashi a ƙarƙashin ɗorawa za ka ga ta yi tsawo, ta yi kore shar, baƙo ya tsaya ya ce ga albarka. Ba albarka ba ce, tsawon neman rana ne. Karanta ba ƙwari, iska kaɗan ta kwanta cikin laka, in kuwa ta tsira har ta fid da kai, ka murza zangarniyar a tafin hannu ka hura, rabi ya tashi. Saboda haka kowace shekara da marka, da hantsi, Baba kan tsaya a gindin ɗorawar ya taka inuwarta da ƙafa, inda ta ƙare ya kafa dutse. Daga dutsen zuwa gindi ba ya ɓarnar iri. Nan ya bar wa Inna ta dasa gwaza da barkono, masu son sanyi.

Shekara bibbiyu kuma yakan rage wa ɗorawar rassan da suka miƙo kan shinkafa, don ranar safe ta shigo. Wannan ma sai ya ɗauki goro ya je ya nemi izini, domin a wajenmu gona ta manomi ce, amma ɗorawar da ke cikinta dagaci na da hannu a kanta. In ta yi 'ya'ya sai an kai masa kasonsa na kalwa, kuma ba mai ɗora mata gatari bai sani ba. Gawo kuwa ba na kowa ba ne. Ba a daddawa da shi, ba a kai wa dagaci komai nasa. Marayan itace ne, sai mai gonar da ya san darajarsa.

Mu mun sani. Da an yanke shinkafa, wani Bafillace abokin Baba, sunansa Buba, zai sauko da shanunsa su ci kara. In rana ta take, babu inda suke nufa sai gindin gawo. Nan za su kwanta, su tsinci 'ya'yansa, su yi tuƙa, su bar mana taki. Baba da Buba su zauna a kan saiwa suna zolayar juna. Baba ya ce, "Buba, shanunka sun fi ka kunya, su in sun ci sukan bar wani abu." Buba ya ce, "Kaɗo, ai ni ma na bar maka surutu, ka zuba a gona ka ga ko zai tsiro." Rani bayan rani haka. Shi ya sa shinkafar da ta fi kowace nauyi a fadamar nan ita ce ta ƙarƙashin gawo. Daga nan Baba ke ɗiban iri. Ba ya bari a haɗa ta da sauran, da hannunsa yake yankewa, ya ɗaure daban, ya rataye a ɗakinsa.

Yadda aka yi na zama mai garma, Sule ya zama mai alƙalami, ba wani dogon labari ba ne. Lokacin da aka ce kowane dagaci ya kai yara makaranta a Makarfi, ni aka kama. Ina aji biyu kurkunu ya kwantar da Baba a tsakiyar damina, ƙafa ta kumbura, ciyawa na cin gona. Ya aika roƙo a sako ni. Aka ce sai dai ya ba da wani a madadina. Ya ba da Sule. Na dawo na riƙe fartanya, shi ya tafi da allona da guntun fensirina. Daga nan ya wuce Zariya, daga can makarantar koyon aikin gona, ya fito malamin gona mai wando da takalmi sau-ciki. Ban yi hassada ba a lokacin, Allah shaida. Shinkafar da na noma ce aka riƙa ɗaura masa a tsumma in zai koma. Na ɗauka itace muke rainon da za mu sha inuwarsa. Ashe giginya ce, na nesa ka sha.

A ranin shekarar da nake magana sai ga Sule da wani sabon Bature mai kula da aikin gona. Ana neman fadamar da za a yi gonar gwaji, a ja igiya a shuka shinkafa layi-layi, a sa garmar shanu da takin Turawa, manoma su zo su gani su koya. Sule ne ya rubuta sunan fadamar ubansa, don a san shi ɗan manomi ne. Da rani suka zo, domin duk mai zuwa duba talaka da rani yake zuwa, lokacin da hanya ta bushe. Da tsakar rana suka iso, da dagaci da mutanen gari a bayansu. Aka kafa wa Bature kujerarsa ta ninkewa, kuma ina za a kafa ta in ba gindin gawo ba? Ya cire hula, ya share gumi, ya ɗaga kai ya ga ganye ya rufe sama, ko tsinken rana ba ya ratsowa.

Da 'yar Hausarsa ta koyo ya ce, "Malam Sule, wannan itace, inuwa da yawa. Shinkafa yana so?"

Sule ya ce, "Ba ta so, ranka ya daɗe. Sai a sare."

Baba yana tsugune gefe. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan da damina..."

Sule ya ɗaga masa hannu. "Baba, bari. Wannan maganar ilmi ce."

Na ga dattawan da ke nan sun sunkuyar da kai, kowa na kallon yatsun ƙafarsa. Baba ya rufe bakinsa, bai sake buɗewa ba. Daga nan Bature ya nuna ɗorawa da sanda. Dagaci ya yi tari, ya ce wannan ta gado ce. Sule ya yi maza ya ce ai tana gefe, ba za ta hana komai ba. Kun ji fa. Wadda ke danne shinkafa da gaske aka bari don tana da uba a gari, wanda ke ciyar da ita aka yanke wa hukunci don ba shi da kowa.

Baturen ban riƙe shi a zuci ba. Baƙo ne, bai taɓa ganin daminar ƙasarmu ba, ya ga inuwa ya yi tambaya, kuma tambayar mai hankali ce. Da an ba shi amsa ta gaskiya wataƙila da ya rubuta a littafinsa ya yi murna. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na daɗe ina juya abin da ya sa Sule ya yi haka. Abin da na gano shi ne tsoro. Ya ga Bature ya riga ya karkata, ya ji kunyar a ce ubansa baƙauye ya gyara wa mai ilmi magana, a tuna shi ma daga nan ya fito.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana tufkar igiya. Na ce masa wallahi ba mai sa ni in taɓa itacen nan, ko dagaci, ko Bature, ko uban Bature. Ya bari na gama. Sa'an nan ya ce, "Garba, in gawon nan ya tsaya, ƙanenka ya zama maƙaryaci a wurin aikinsa. Tsakanin itace da ɗa, wanne za ka tsayar?" Na ce masa itacen. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "To ni uba ne. Ɗauki gatari. Gara hannunmu da hannun wani."

Kwana uku muka yi a kansa da bazara, ni da mutum biyu da dagaci ya turo. Gawo na da ƙaya, kuma tsoho ne, mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Tafina ya fashe, ƙota ta jiƙe da jini. Baba bai sauko ba ko sau ɗaya, amma daga zaure ana jin saran. Inna ta gaya mini da ya faɗi har ƙasa ta girgiza, Baba ya ajiye igiya ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar an kawo masa labarin mutuwar mutum. Ban ce saran gawon ne ya kashe shi ba. Ajali ne, ciwon ƙirji ne ya kama shi da ruwa ya zauna. Amma tun daga ranar bai sake taka fadamar ba, mutumin da ko Sallah sai ya leƙa ta kafin ya tafi idi.

Da marka Baba ya cika. Muka aika wa Sule. Amsar da ta dawo ita ce rafi ya kawo, mota ba ta wucewa. Gaskiya ne rafi ya kawo. Amma mutanen ƙauyen Saulawa sun ƙetare shi da ƙafa, ruwa iya ƙugu, rigunansu a ka. Buba ya zo daga inda suka yi mashekarin damina, tafiyar yini. Sule sai da kaka muka gan shi, ya yi gaisuwa a tsaitsaye, ya wuce fadama da ma'auni da Baturensa.

Fushi ba zai sa ni ƙarya ba: shinkafar shekarar ta yi kyau, har ta ba ni haushi. Layi ya miƙe, zangarniya ta sunkuya, mutane suka zo daga Kudan da Ikara suna kallo. Aka kafa allo a bakin hanya. Ba wanda ya tsaya ya ce ƙasar nan fa tun zamanin kakanni gawo da shanu ke ciyar da ita, aka kuma ƙara mata takin Turawa a kai, yaya ba za ta yi ba? Gawo ya yi wahala, Sule ya girbe yabo. Shekara ta biyu ma ba laifi. Ta uku aka ce gwaji ya ƙare, an koma wata ƙasa. Taki ya daina zuwa. Allon gara ta cinye shi.

Daga nan jiki ya gaya mini. Shanu ba sa kwanciya inda ba inuwa. Su ci kara da safe, rana na takewa su wuce gonar wani, su kai masa takin. Ganyen da kan rufe ƙasa a farkon damina babu shi. Gefen arewa, inda Baba ke ɗiban iri, ya zama shi ne mafi lalacewa: ƙasa ta yi fari, ta yi tauri, ruwan tudu ya riƙa gangarowa da yashi yana zubawa a kan shuka. Shinkafa ta tashi gajera, ganye rawaya kamar mai shawara. Rumbun da kan cika har mu nemi aron taiki ya koma ana leƙawa ana ganin ƙasansa tun kafin a yi shuka. Rana kuwa ga ta nan fal, babu abin da ya tare ta. A nan na gane abin da Baba bai taɓa zama ya karanta mini ba: rana kaɗai ba ta cika zangarniya. Maƙwabta suka ce in bar shinkafa in dasa rake kamar kowa, ga mazarƙwaila na tafiya a kasuwar Makarfi. Na ƙi. Taurin kai ne, na sani, amma irin Baba na nan a rataye, ban ga ranar da zan dafa shi in cinye ba.

Buba ne ya yi mini abin da ɗan'uwa bai yi ba. A rani na huɗu ya zo ya tsaya a kan kututturen, yana duban fadamar. Can ya ce, "Ɗan Jatau, kun kashe mana masauki." Na ce ba ni ba ne. Ya ce, "Hannun wa?" Na dubi tafina. Sai ya tafi ya kai shanunsa wani gawo can bayan tudu, suka ƙoshi da 'ya'ya, ya koro su ya tsare su a fadamarmu kwana da kwanaki, cikin rana, suna kuka yana zaginsu da Fillanci. Ya ce ƙwayar gawo ba ta tsirowa da daɗi sai ta bi ta cikin dabba. Da ruwa ya sauka, sai ga 'yan tsirrai masu ƙaya a cikin kashin shanu. Na kewaye su da ƙayar magarya saboda awaki. Da yawa sun mutu, uku suka rayu. Na riƙa rage musu rassan ƙasa don su miƙe, yadda na ga Baba na yi wa na gonar tudu. Yau babbansu ya wuce tsawon ɗaki. Bara na ga shinkafar gindinsa ta fara yin duhun ganye irin na da. Na tsuguna a wurin, ni da furfurata, na rasa wa zan kira ya gani. Buba ma ya riga mu gidan gaskiya.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce in ya ga yau. An gyara hanyar mota, samari na guduwa Kaduna neman aikin lebura, a kasuwa ba a zancen komai sai jam'iyya da mulkin kai. Fadamun da muka sani da shinkafa duk rake ya rufe su, doki na zagaya injin matsa daga safe har yamma. Ina jin wannan duk zai ce zamani ne, riga ce, kowa da tasa. Abin da zai tsaya a kai shi ne 'yan itatuwan da ake rabawa a gwangwani, dalbejiya da ire-irenta, ana cewa kowa ya dasa. Na san shi. Zai karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya juya gwangwanin, sa'an nan ya ce, "Malam, wannan yaushe take zubar da ganye?" In aka ce ba ta zubarwa, ya ce madalla, ƙofar gida ta samu, amma ba gona ba. Bai taɓa ƙin sabon abu don sabo ne ba. Layin igiyar nan ma da Sule ya kawo har yau ina ja, don ya fi sauƙin cire ciyawa, kuma na tabbata Baba zai yarda da shi. Shi dai abin da ya sani, ba a yi wa itace shari'a sai an zauna da shi shekara ta zagayo.

Me ya rage na Jatau na Fadama? Bai bar riga mai aska ba, bai bar doki ba. Kabarinsa ma sai ni da na san wurin. Duwatsun da ya kafa a bakin inuwar ɗorawa suna nan, ni nake matsar da su yanzu, ni nake kai goro gidan dagaci. Irinsa na nan, ban bari ya ɓace ba. Sai kuma wani abu da ya fi ƙarfina: mutumin da aka wulakanta a gaban jama'a, ya haɗiye, ya sa a sare abin da ya fi so don kada ɗan da ya wulakanta shi ya ji kunya. Shekara goma sha biyu ina auna wannan. Wata rana in ce girma ne, wata rana in ce kuskure ne, don da ya ƙarasa maganarsa da gawon na tsaye. Na gaji gonarsa da idonsa, haƙurinsa ne ban gada ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban yanke ba, amma ban daina jin warin ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, a ranin da ya wuce sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Sule ne, ya yi ƙiba, an ce yanzu shi ke kan malaman gona da yawa. Ya same ni a fadama ina gyaran shingen ƙaya. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya-ɗaya, ya yi wa Inna addu'a, wadda ita ma ta bi Baba shekara biyar ke nan. Sa'an nan ya zo kan abin da ya kawo shi. Wai takarda ta fito daga sama, an bincika an gano gawo na gyara ƙasa, ana son manoma su daina sarewa. An gaya masa ina da uku a fadama. Yana so ya kawo sabon Baturensu da manoma daga Ikara da Kudan kafin ruwa ya ɓata hanya, a zauna a inuwarsu, a yi bayani, a ɗauki hoto.

Na ci gaba da gyaran shingena. Ya ce, "Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Lokacin ilmin bai kai nan ba."

Ga shi yau marka ta raba, rafi ya kawo, kullum da hantsi nakan duba hanya. Bai zo ba tukuna. Abin da na gaya masa ran nan, ido cikin ido, ina tsaye a kan abin da gara ta rage na kututturen, shi ne wannan, kuma ban ƙara ko rage ba:

"Sule, ilmin bai kai nan ba? A gindinsa ka yi rarrafe. Sau nawa ka tsinci ganyensa a cikin furarka da ruwan farko? Ka sani sarai, kunyar ubanka ka ji. Ban hana ka fadama ba, ta mahaifinmu ce, kana da ƙafa a cikinta. Amma ba mai tako mini ita da rani. Da rani kuka zo kuka ga inuwa kuka ce a sare, yanzu da rani za ku zo ku ga inuwa ku yi tafi. Ku dai inuwa kuka sani. Ka zo da damina. Ka bar motarka inda laka ta riƙe ta, ka tuɓe takalmi, ka ƙetare rafin da ya hana ka zuwa jana'iza, ruwa iya ƙugu, yadda mutanen Saulawa suka yi. Ka kawo Baturenka da manomanka in za su iya. Ka tsaya nan inda nake, ka ɗaga kai ka ga ba ganye ko ɗaya, ka sunkuya ka ga shinkafa. Sa'an nan ka ƙarasa wa mutane maganar da ka katse. 'Ai wannan da damina,' ya ce, ka ɗaga masa hannu. Shekara goma sha biyu tana rataye. Ni ba zan ƙarasa ta ba, kai za ka ƙarasa da bakinka, ka kuma faɗi sunan mai ita. Ran nan ni da kaina zan shimfiɗa maka tabarma, in dafa maka daga irinsa. Kafin nan, ga hanya, tun ba ta jiƙe ba."